Mece ce "guguwar saitokin"?

Tun zamanin korona kalmar nan ta shigo bakin likitoci, har ka ji an ce ita ta kayar da wane. Saitokin wasu ƙananan sinadarai ne na furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa don kiran juna. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga huhu, su ne ke yin yekuwa a kawo ɗauki. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da kake ji idan mura ta kama ka, yawancinsu aikin wannan kiran ne. Iri-iri ne. Akwai intafiron, wanda aka gano a Landan a 1957, mai hana ƙwayar cutar hayayyafa, akwai kuma IL-6 mai hura zafi da kumburi.

Ɓarna tana zuwa ne idan kira ya ƙi tsayawa, wannan shi ake kira guguwar saitokin. A ce an yi ihun gobara a layinku, maƙwabta suka fito da bokitai, wuta ta kusa mutuwa amma ihu bai lafa ba, sai ƙara kwara ruwa ake yi har ginin ƙasa ya jiƙe ya zube. Haka huhu ke yi. Ƙananan jijiyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya cika 'yan aljihunan da iska ke shiga, majinyaci yana ta haki amma iskar ba ta kaiwa jini. A korona, wannan yakan zo ne wajen mako na biyu, daidai lokacin da 'yan gida suka fara cewa "jiki da sauƙi".

Murar tsuntsaye ta H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a wata gonar kaji a Jaji, nan jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, ita ma tana tayar da wannan guguwa idan ta kama mutum.

A Yunin 2020 binciken RECOVERY na Birtaniya ya nuna deksametason, mai danne kumburi, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin kuwa bai amfane su ba. Nan ne hankalina ke tashi, domin maganin yana nan a kemis, har wasu na shan sa don ƙiba. Shan sa a farkon mura toshe bakin mai ihu ne alhali wuta na ci.

Wanda haki ya hana shi ƙarasa magana, ko na'urar auna oksijin da ake maƙala wa a yatsa ta nuna ƙasa da 90, asibiti za a kai shi a daren, ba sai gari ya waye ba.