Haƙorin hankali ne ya cunkushe mini haƙoran gaba?

Kullum sai an yi mini tambayoyin nan a ɗakin duba haƙori a nan Jos. Ga amsa, don Allah a daina tare ni a gidan biki ana wage mini baki.

Wanne ne haƙorin hankali?

Turmi na uku, can ƙuryar baki. Huɗu ne, kuma sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Wasu ba sa yin su sam, kuma lafiyarsu ƙalau.

Shi ne ke turo na gaba su hau juna?

A'a. Haƙoran gaba na ƙasa sukan matse yayin da shekaru ke tafiya, har a bakin wanda bai taɓa yin haƙorin hankali ba. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin matsewar, shi ya sa ake ɗora masa laifi. A 1998 an buga wani bincike daga Bristol ta Ingila: cikin matasan da aka gyara wa haƙora, aka cire wa wasu haƙoran hankali, aka bar wa wasu. Bambancin da aka gani bai taka kara ya karya ba.

Na sa ƙarfen gyara, amma sun sake karkacewa.

Hajiya, ina abin riƙe haƙoran da aka ce ki riƙa sawa da dare? Yana cikin durowa, ko? To.

Nawa ya fito a kwance amma ba ya ciwo. A cire?

Nan ne ba na saurin yanke hukunci. Tun shekarar 2000 hukumar NICE ta Birtaniya, mai ba likitoci jagora kan hanyoyin magani, ta ce kada a cire wanda bai kawo matsala ba, alhali a Amurka likitoci da yawa sun fi son cirewa tun ana matashi. Kowa da hujjarsa. Idan dasashi yana yawan kumbura a kansa, ko yana fitar da mugunya, ko abinci na maƙalewa har turmin da ke gabansa ya fara ruɓewa, ni zan ce a cire. Idan kuwa yana binne cikin ƙashi shiru, sau da yawa barinsa ya fi, a riƙa dubawa. Sai dai rashin ciwo ba ya nufin lafiya, domin ruɓar maƙwabcinsa ba ta yin sallama. Cirewar ma da nata haɗarin: akwai jijiyar da ta bi ta ƙarƙashin saiwar na ƙasa, in aka taɓa ta leɓe kan mutu na makonni, wani lokaci ma ya zauna haka. Kuma aikin ya fi wuya in shekaru sun ja. Sai an ɗauki hoton muƙamuƙi na gani, ba zan faɗa ta waya ba.

Yana ciwo, in ɗora masa asfirin?

Kada ka kuskura, ƙona dasashi yake yi. Kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi ka zo. In baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ko ga zazzaɓi, yau za ka je asibiti, ba wajen mai cire haƙori na bakin kasuwa ba.

Bayan an cire zan iya shan shisha?

Da ita da sigari, a'a. Gudan jinin da ke ramin zai fita, ka dawo kana kuka.