Waiwaye: tambayar da iyaye Somaliyawa suka yi a 2008

Tun da ƙyanda ta sake ɗago kai a Amurka, ƙasar da ta shelanta kawar da ita tun shekarar 2000, ake ta cacar baki a kan baƙi da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Wasu na cewa ai su ne ba sa yarda da likita ba sa kai yara rigakafi, wasu kuma na cewa a duba dai yadda korona ta fi kwantar da su saboda irin aikin ƙarfin da suke yi da cunkoson gidajen haya. Cikin wannan hayaniyar ne maganar "bincike tare da al'umma" ta zama yayi, wato binciken lafiya da mutanen unguwa da kansu ke zaɓar abin da za a bincika, su shiga tattara bayanai, su zauna da masana a kan sakamakon. Wasu na ɗauka korona ce ta haife shi, alhali abin ya daɗe.

Tun 1946 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi rubutu kan binciken da ake yi don a gyara matsala, masana Paulo Freire a Brazil da Orlando Fals Borda a Kolombiya suka kai shi cikin manoma da talakawa. Ga kuma tabon binciken Tuskegee a Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba magani ana kallon yadda ciwon ke cin su. Sai rahoton 1985 kan lafiyar tsiraru, da wani na 2002, duka suka nuna da lissafi giɓin da ke tsakanin lafiyar tsiraru da ta fararen fata a Amurka. Wannan duk wanda ya ɗan leƙa fannin ya ji shi.

Abin da ni dai na fi tsayawa a kai, kuma ba kasafai ake kawo shi ba, shi ne abin da ya faru a Minneapolis, birni mafi girma a jihar Minnesota. Jihar Minnesota ce ta fi kowace jiha tara Somaliyawa tun bayan yaƙin basasar 1991, kuma mutane ne masu kai yara allura, a 2004 kashi 92 cikin ɗari na yaransu 'yan shekara biyu sun samu rigakafin ƙyanda. To a 2008 sai iyaye mata suka fara lura da wani abu, ka shiga ajin ƙananan yara masu galahanga, wadda likitoci ke ce wa otizim, sai ka ga 'ya'yansu ne birjik. Ciwo ne da da yawansu ba su san shi a gida ba, ko sunansa babu a yarensu. Ka ɗauki uwa ɗaya, yaronta ya fara kiran hooyo, wato mama, an yi masa allura yana da wata 12 zuwa 15 kamar yadda tsari yake, bayan 'yan watanni ya daina magana, a kira sunansa ba ya waiwayowa. Lokacin da alamun galahanga ke bayyana ke nan ko an yi allura ko ba a yi ba, amma wa zai zauna ya warware mata wannan da yarenta?

Su fa iyayen nan tambayar bincike suka yi, ta gaske, irin wadda masani zai yi alfahari da ita: shin yaranmu sun fi sauran yara kamuwa, in haka ne me ya jawo? Rahoton hukumar lafiya ta jihar na 2009 ya tabbatar yaran Somaliyawa sun fi yawa a waɗannan azuzuwan, sai dai rajistar makaranta ce aka ƙirga, ba za ta iya faɗin yawan masu ciwon a gari ba. Kuma a yawancin takardun lafiya ɗan Somaliya da baƙar fatar da kakanninsa suka yi ƙarni a Amurka rukuni ɗaya ake saka su, to ta ina za ka ware? Cikakkiyar amsa sai a Disambar 2013 ta fito daga Jami'ar Minnesota, a wani aiki da aka sa 'yan al'ummar a ciki: yaro ɗaya cikin 32 a Somaliyawa, ɗaya cikin 36 a fararen fata, kusan kunnen doki. Amma ta kuma nuna yaran Somaliyawan da ke da ciwon ya fi zo musu tare da naƙasar fahimta, ke nan idon iyayen bai yi ƙarya ba, akwai abin da suke gani.

Shekara biyar tsakanin tambaya da amsa, wallahi ga uwar da ke da jariri a goye shekara biyar ba kaɗan ba ce. A wannan tsakanin masu adawa da rigakafi suka samu ƙofa, suka shiga taruka suka saurari iyaye har da kuka, suka ba su amsa mai sauƙin riƙewa wai allura ce, maganar da bincike iri-iri a ƙasashe daban-daban ya riga ya ƙaryata. Zuwa 2014 kashi 92 ɗin nan ya faɗo 42. A 2017 ƙyanda ta ɓarke a jihar ta kama mutum 75, akasari yaran Somaliyawa da ba a yi wa allura ba, sai a lokacin aka ga limamai da ma'aikatan lafiya Somaliyawa a sahun gaba suna bi masallaci-masallaci gab da azumi.

Abin da ke ƙara min ciwo shi ne hanyar tana nan a jihar tun kafin wannan. A birnin Rochester, a 2004, wata makarantar yaƙi da jahilci da baƙi ke koyon Turanci ta ga tarin fuka na damun ɗalibanta, malaman suka nemi likitocin asibitin Mayo, aka kafa haɗin gwiwa inda ɗaliban suka faɗi abin da ke hana su gwaji, tsoron tsangwama da kunya da rashin lokaci, aka kawo wayar da kai da gwajin cikin makarantar. Wannan haɗin gwiwar ne dai, bayan shekara 16, ya riƙa isar da saƙon korona da yarukan mutane ta bakin 'yan unguwarsu, yana kuma kwaso tambayoyinsu yana kai wa likitoci.