Za a iya haɗa takin zamani ba tare da gurɓata iska ba?

Me ya haɗa taki da maganar makamashi mai tsabta?

Ginshiƙin takin yuriya da danginsa shi ne amoniya, ita kuwa daga iska iri biyu ake haɗa ta: naitirojin da haidirojin. Naitirojin a banza take, domin ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Wahalar tana wajen haidirojin. Yawancin masana'antu daga iskar gas suke ciro ta, a ƙasar Sin kuma daga kwal, kuma duk inda aka yi haka sai hayaƙin kabon dayoksaid ya tashi. Duniya na haɗa amoniya kusan tan miliyan 180 a shekara, hayaƙin da ke biyo baya kuwa ya haura tan miliyan 400.

Yaya ake haɗa ta?

Fritz Haber ya gwada dabarar a Jamus a 1909, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da ita masana'anta a Oppau a 1913. Ana cusa iskar biyu cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, a zafin digiri 400 zuwa 500, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar waje sau 150 ko fiye. A ciki akwai tsakuwar ƙarfe da ke hanzarta haɗuwar ba tare da ita kanta ta ƙare ba. Kaɗan ne ke haɗuwa a zagaye ɗaya, sai a sanyaya, a tatse amoniyar, a mayar da sauran ciki.

Me ya sa ba a daina kawai?

Masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya da wannan taki ake ciyar da su. Wanda ya ce a daina bai lissafa yunwa ba.

To me injiniyoyi ke son canzawa?

Tukunyar tana nan yadda take, tushen haidirojin ake son sauyawa. Idan aka ratsa ruwa da wutar lantarki, yakan rabu gida biyu, haidirojin da oksijin. Kilo ɗaya na haidirojin na cin ruwa kusan lita 9 da wuta kimanin kilowat-awa 50. In daga rana ko iska wutar ta fito, babu hayaƙi. Kuma ba sabon abu ba ne: Norway ta shafe shekaru gommai tana yin haka a garin Rjukan da wutar lantarkin da ƙarfin ruwa ke samarwa, har arhar gas ta ture hanyar.

Ina cikas ɗin yake?

Farko tsada. Sai kuma halin tukunyar: tana son aiki dare da rana babu yankewa, alhali rana na faɗuwa, iska na kwantawa. Dole a tanadi haidirojin a manyan tankuna, ko a ƙera masana'antar da ke iya sassautawa ta sake ɗauka ba tare da lalacewa ba. A ganina nan ne ainihin aikin injiniya yake. Babban gwajin shi ne na NEOM, wani sabon yankin ci gaba a Saudiyya, wanda aka tsara ya yi amfani da wutar rana da iska kusan gigawat 4, ya fitar da amoniya tan miliyan 1.2 a shekara.

In masana'anta ta tsarkaka, shi ke nan?

A'a, kuma wannan ne aka fi mantawa. Yuriya kanta da kabon dayoksaid ake haɗa ta, yana kuma fita bayan an zuba ta a gona. Yawanci shuka ba ta shan fiye da kusan rabin naitirojin da aka ba ta. Sauran kuwa, ruwa ya kwashe zuwa koguna, ko ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa su mayar da wani ɓangare iskar naitiros oksaid, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi sau 270 da ɗoriya. Zuba taki daidai gwargwado, a lokacin da shuka ke buƙata, a kuma binne shi, yana rage wannan asara tun kafin a gina sabuwar masana'anta ko ɗaya.