Tarquini da kambun BTCC na 1994: amsoshin tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Wace gasa ce wannan, Formula 1 ce?

Ba ita ba ce. BTCC gasar Birtaniya ce ta motocin hawa irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa. A 1994 ƙa'idarta ita ce mota mai ƙofa huɗu da inji mai lita 2, wanda ba a yarda juyawarsa ta wuce 8,500 a minti ɗaya ba.

Wa ya ci a shekarar?

Gabriele Tarquini, mutumin Giulianova ta ƙasar Italiya, a cikin Alfa Romeo 155. Ya ci tsere 8 cikin 21, har da biyar na farko a jere, kuma ya gama da maki 298. Alain Menu na Renault ya zo na biyu da maki 222, Paul Radisich na Ford ya zo na uku.

Ba shekarar da Volvo ta shigo da doguwar motar nan ba ce?

Ita ce. Rickard Rydell da Jan Lammers ne suka tuƙa Volvo 850 mai dogon baya, kuma ba su ci tsere ko ɗaya ba. Abin takaici ne a ce an fi tuna motar da ta ba jama'a dariya fiye da wadda ta ɗauki kambu.

To, magudi Alfa Romeo ta yi? Yaya zan gane ko direba ne ya ci ko mota?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya amsa maka ita da kalma ɗaya bai yi maka adalci ba. Doka ta ce siffar jikin motar tsere dole ta zama irin ta motar da kamfani ya ƙera aƙalla guda 2,500 domin sayarwa. Sai Alfa ta ƙera wani samfuri na musamman na 155, wanda aka sayar a Ingila da sunan Silverstone, mai leɓe a ƙasan gaba da ake iya turo shi waje, da fiffike a baya da ake iya ɗaga shi. Kayan ɗaga fiffiken a cikin but ake ba mai saye su, ya ga dama ya ɗaura, ya ga dama ya bar su nan. Amfanin waɗannan abubuwa shi ne iska ta danne motar a kan kwalta, taya ta kama ƙasa, direba ya shiga kwana da gudun da wasu ba za su iya ba.

Sauran kamfanoni suka kai ƙara, suna cewa yawancin motocin da ke kan titi ba a wannan siffa suke yawo ba. Da aka umarci Alfa ta mayar da leɓen ciki a Oulton Park, sai ta kwashe kayanta ta bar filin ba ta shiga tseren ba, Menu ya ci a ranar. Daga baya aka sasanta: Alfa ta tsira da makin da ta samu a baya, ita kuma ta amince ta mayar da leɓen ciki daga watan Yuli.

A ganina Alfa ba ta karya rubutacciyar doka ba, amma ta san sarai cewa ba abin da masu dokar suka nufa ke nan ba, kuma ba zan yi jayayya da wanda ya kira abin wayo ba. Sai dai kafin ka yanke wa direban hukunci, ka duba abokin tuƙinsa. Giampiero Simoni irin motar yake ciki, da leɓen da fiffiken, amma tsere ɗaya ya ci, ya gama a matsayi na biyar. Wannan ma'auni yana da rauni, domin Simoni matashi ne da bai kai Tarquini gogewa ba, kuma kamfani kan fifita direban da ke gaba a maki. Ka kuma duba rabin shekara na biyu, lokacin da BMW da Renault suka fito da nasu fikafikan, Joachim Winkelhock, zakaran 1993, ya dawo yana cin tsere. Nasarorin Tarquini sun ragu, amma ya ci gaba da tara maki a ranakun da motarsa ba ita ce kan gaba ba. Wani zai ce ratar da ya samu tun watan Afrilu ce ta ba shi damar tuƙi da natsuwa, kuma akwai gaskiya a maganar. Ni dai ina ɗauka mota ce ta buɗe ratar, direba ne ya riƙe ta, kuma da wuya a ce ga iyakar rabon kowannensu.

Da gaske motar Tarquini ta wuntsila a tsere?

Da gaske ne, a Knockhill ta Sikotland, bayan sun gogu da Tim Harvey na Renault. Motar ta yi ta juyi har ta lalace, shi kuwa ya fita ba tare da mummunan rauni ba. Kada hankalinka ya tashi idan ka ga bidiyon, domin ƙarafan kariya da ake walda su a cikin motar sun yi aikin da aka sa su dominsa.

Ai ya gaza a Formula 1, ko ba haka ba?

Maki ɗaya ya samu, a Meziko a 1989, cikin motar AGS, ƙaramin kamfanin da ko samun gurbin shiga tsere kan gagare shi. A daina auna mutum da motar da talauci ya ba shi. A tseren motocin hawa, Tarquini ya ci kambun Turai a 2003 da Alfa Romeo, ya ci na duniya a 2009 da SEAT yana da shekara 47, ya sake cin kofin duniya a 2018 da Hyundai yana da shekara 56.

Me ya sa bai maimaita nasarar ba a 1995?

Saboda an toshe ƙofar da Alfa ta bi. An halatta wa kowa fiffike, an kuma ɗaga adadin motocin da dole a ƙera zuwa 25,000. Alfa ta miƙa aikinta na Birtaniya ga kamfanin Prodrive, motar ta koma baya, kuma John Cleland ne ya ɗauki kambun a cikin Vauxhall Cavalier.