Sauya Ƙugiya Mai Baki Uku a Jikin Kifin Yaudara

Sauya ƙugiya mai baki uku gyara ne da masu fatsa da sanda ke yi wa kifin yaudara, wato ɗan kifin katako ko na roba da ake jefawa a ruwa a riƙa jawowa don babban kifi ya ɗauka na gaske ne ya kai masa cafka. Ana cire ƙugiyoyin da ya zo da su daga kamfani, ko waɗanda suka dakushe, suka yi tsatsa ko suka miƙe, a sa wasu a madadinsu. Aikin ya fi yawa a wajen masu kamun kifin bas, wani kifin ruwan daɗi mai farautar ƙananan kifaye, a Amurka da Japan, musamman a kan nau'in nan mai leɓe da ake rubuta wa crankbait a jikin kwalinsa. Ga mai fatsa a Kaduna ma gyaran yana da muhimmanci, domin kifin yaudara kaya ne da ake shigowa da shi daga waje da tsada, ƙugiya kuwa araha ce, kuma kusan kullum ita ke riga jikin lalacewa.

Kifin yaudara mai leɓe da kifin bas

Abin da ya bambanta wannan nau'i shi ne leɓen da ke gaban kansa, na roba mai ƙarfi ko na ƙarfe. Idan aka fara naɗe zare, ruwa ya bugi leɓen, sai kifin ya nutse yana karkaɗa jiki hagu da dama. Gajeren leɓe yana tsayawa a zurfin mita 1 zuwa 1.5, dogo kuma yana iya wuce mita 6. Yawancin waɗanda ake yi don bas nauyinsu tsakanin giram 7 ne da 21, kuma ƙugiya biyu suke ɗauka, ɗaya a ciki ɗaya a wutsiya.

A 1936 Lauri Rapala, wani masunci a ƙasar Finlan, ya sassaƙa nasa da toton itace ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana cikin manya. A Amurka, Fred Young na jihar Tenesi ya sassaƙa mai ƙiban ciki da ake kira Big O da katakon balsa, wani itace marar nauyi, a 1967, daga baya kamfanin Cotton Cordell ya fitar da shi da roba, siffar ta bazu ko'ina.

Shi bas kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, daga dangin Micropterus. Mafi shahara shi ne mai babban baki, wanda mafi girman da aka tabbatar ya ɗan haura kilo 10: George Perry ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 Manabu Kurita ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan. An kai shi Afirka ta Kudu a 1928, da tafkin Naivasha na Kenya a 1929, amma ba kifin kogunan Arewa ba ne. Halinsa da ya sa ake damuwa da ƙugiya shi ne tsalle. Da ya ji ƙarfe a baki sai ya fito saman ruwa yana girgiza kai, nauyin kifin yaudaran kuma ya riƙa fizgar ƙugiyar har ta fita. Gefen bakinsa ma fata ce siririya mai saurin yagewa.

Sassan ƙugiyar da lambobinta

Ƙugiya mai baki uku tana da ido, da kara, da lanƙwasa uku, kowace da tsininta da kunnenta, wato ƙaramar ƙayar nan da ke hana ta fita bayan ta shiga. A yawancinsu baki biyu waya ɗaya ce da aka lanƙwasa ta bayar da idon, na ukun kuma liƙa shi aka yi. Ba a ɗaure ta kai tsaye a jikin kifin ba. Ƙaramin zobe ne ke riƙe da ita, mai ninki biyu irin na makulli.

Lambobin juye suke: lamba 8 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, 6 ta fi 4, har a kai 1. Daga nan sai lissafin ya koma 1/0, 2/0, 3/0, yana hawa tare da girma. Masu bas sun fi amfani da 6, 4 da 2. Babu wani ma'auni ɗaya da ya ɗaure kamfanoni, don haka lamba 4 ta Mustad ta Norway ba lallai ta yi daidai da lamba 4 ta VMC ta Faransa ko ta Gamakatsu da Owner na Japan ba. Mai hikima yana zuwa shago da tsohuwar ƙugiyar a ɗan kwalba ya kara su ya gani da idonsa.

Akwai kuma harafin X. Idan an rubuta 2X ko 4X tare da kalmar ƙarfi, ana nufin wayar ta fi ta yau da kullum kauri. Idan an rubuta shi tare da kalmar gajarta, karan ne aka rage. Ta fuskar siffa kashi biyu ne suka fi yawa. Mai zagayayyar lanƙwasa tsininta yana tafiya daidai da kara, tana saurin kama kifin da ya ɗan taɓa ya wuce. Ɗayar tsininta ya karkato ciki wajen ido. Ba ta kai ta farko saurin kamawa ba, amma in ta shiga fitarta da wuya. Irin wannan ce Kevin VanDam, Ba'amurken da ya ci gasar kamun bas ta Bassmaster Classic sau 4, ya yi suna da ita, kuma Mustad na sayar da samfuri mai gajeren kara da sunansa.

Yaushe ake sauyawa

Gwajin kaifi da farce ake yinsa. A ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa a ɗan karkace, a ja a hankali. In ya kafe ya ƙi tafiya, da sauran aiki a jikinsa. In ya zame ya bar ɗan farin layi kawai, ya dakushe. Ana iya wasa shi da ƙaramin magagari sau ɗaya ko biyu, daga lanƙwasa zuwa tsini, sai dai wasawar tana cinye rufin da ke kare ƙarfen, tsatsa ta samu ƙofa. Ƙugiyar da ta miƙe kuwa ba ta da magani. Ana iya mayar da ita da filaya, amma ƙarfen ya riga ya gaji a wurin, kuma ranar da babban kifi ya zo a nan za ta sake buɗewa. Yar da ita shi ne daidai.

Wasu tun kafin kifin yaudaran ya taɓa ruwa suke sauyawa. Ga mai araha wannan dabara ce mai kyau, domin a ƙugiya da zobe ake yawan rage kuɗin ƙira. Masu tsada da yawa kuwa da ƙugiya mai kyau suke zuwa, cire ta ɓarnar kuɗi ce.

Nauyi da daidaito

A nan mafi yawan mutane ke ɓata kifinsu da hannunsu. Wanda ya ƙera shi ya lissafa da nauyin ƙugiyoyin tun farko. Su ne ke rataye a ƙasa suna hana shi kifewa, kuma su ne ke ƙayyade faɗin karkaɗarsa. Ƙugiya lamba 6 ba ta kai giram ɗaya ba, amma a jikin abin da duka-dukansa giram 10 ne, ɗan bambanci yana bayyana nan take. In aka sa masu nauyi fiye da kima, karkaɗar ta mutu, wanda aka yi don ya taso in an tsaya da naɗi ya koma nutsewa. Wannan tasowar ba ƙaramin abu ba ce: ita ce ke ba shi damar ja da baya ya kuɓuta in leɓensa ya daki dutse ko kututture. In kuma aka sa marasa nauyi, sai ya riƙa birkicewa ya fito saman ruwa a gefe ɗaya da zarar an ƙara sauri. Abin ya fi tsanani ga nau'in da aka daidaita don ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai taso ba bai nutse ba, domin shi ko zobe aka sauya yana iya ji.

Tsawo shi ne abu na biyu. Kafin a gama, a riƙe kifin a karkato ƙugiyar ciki zuwa baya, ta wutsiya zuwa gaba. In suka taɓa juna, za su sarƙe a iska lokacin jifa, jifan ya tashi a banza. A kuma tura ta cikin zuwa gaba a ga ko tana hawa leɓe ko tana kama zare. Amfanin mai gajeren kara ke nan: ana iya ƙara girma da lamba ɗaya, daga 6 zuwa 4 misali, a samu faɗin baki ba tare da sarƙewa ba. Mutane da yawa ta cikin kawai suke ƙara wa girma su bar ta wutsiya yadda take, tunda nauyi a wutsiya ya fi saurin kashe motsi.

Kaurin waya kuma da zare da sanda yake tafiya. Siririyar waya tana shiga baki cikin sauƙi, ta dace da zaren nailan mai talewa da sanda mai laushi. Saƙaƙƙen zare ba ya talewa, duk fizgar da kifi ya yi kai tsaye take isa ƙugiya, don haka yana buƙatar waya mai kauri ko a sassauta birkin abin naɗe zare.

Yadda ake yi

Kayan aikin filaya ce mai ɗan haƙori a ƙarshen baki ɗaya. Ana cusa haƙorin tsakanin ninkin zoben kusa da bakin wayar, a matsa, zoben ya ɗan buɗe. Wanda bai samu irinta ba, maƙeri a kasuwar Panteka ta Kaduna zai iya gyara masa ƙaramar filaya mai dogon baki ya fitar mata da haƙorin. Farce da wuƙa ba su dace ba, da su ake yawan jin ciwo.

Da zoben ya buɗe, a tura idon tsohuwar ƙugiya cikin tsagar, a bi bayanta da idon sabuwar tun tsagar ba ta rufe ba, sannan a riƙa juya zoben. Tsohuwar na fita ta can, sabuwar na shiga ta nan, buɗewa ɗaya ta wadatar. Kada a wangale zoben fiye da kaurin idon. In an gama aka ga haske tsakanin ninkin biyu, zoben ya saki, a sauya shi. Zobe lamba 2 ko 3 shi ne aka saba gani a kifin bas, kuma ƙugiya mai ƙarfi a kan zobe mai rauni ba ta ƙara komai ba.

Ƙugiyar ciki tana da fuskar da ya kamata ta kalla. In aka kwantar da ita a jikin kifin, baki biyu su rungumi cikin ta hagu da dama, na ukun ya kalli ƙasa. In aka juya, baki ɗaya zai riƙa gurzar fenti, nauyin kuma ya karkata. Bayan haka sai gwaji: a jefa shi a bokitin ruwa a ga yadda yake tasowa, sannan a ja shi a gaɓar kogi kusa da ƙafa, a hankali da kuma da sauri, a ga ko yana tafiya sak.

A ruwan Kaduna

Yawancin masuntan Kaduna da koma da birgi da gura da mamari suke neman abincinsu. Fatsa da kifin yaudara ta 'yan kaɗan ce, kuma abin da suke nema shi ne tsage da giwan ruwa, a kogin Kaduna da madatsun ruwa irin su Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi da Shiroro da ke kan kogin Kaduna a jihar Neja. Shawarar da aka gina a kan bas ba ta isa ga waɗannan biyu ba.

Tsage bakinsa ƙashi ne da haƙora. Baki uku suna raba ƙarfin bugun gida uku, babu wanda ke huda ƙashin sosai, ga shi shi ma mai tsalle ne. Shi ya sa masu kamun danginsa a kogin Zambezi suka daɗe da komawa ƙugiya mai baki ɗaya, ƙaƙƙarfa mai kaifi. Akwai wadda aka yi musamman don wannan, idonta yana layi ɗaya da lanƙwasarta, don ta rataya daidai a zobe ɗaya. Ana zaɓar wadda faɗin bakinta ya kusa kai faɗin tsohuwar gaba ɗaya, ta cikin ta kalli ƙasa, ta wutsiya ta kalli sama. Tunda haƙoran tsage na yanke nailan, ana sa guntuwar waya tsakanin zare da kifin yaudara, kuma da wayar a jiki ya kamata a yi gwajin daidaito. Giwan ruwa matsalarsa ƙarfi ne. Kifi ne da a tafkin Nasser na Masar aka kama wanda ya haura kilo 100, kuma ko matsakaicinsa yana miƙe ƙugiyar bas. Shi 3X ko 4X yake so tare da zobe mai kauri, a kan kifin yaudara mai girman da zai ɗauki nauyin.

Kogin kansa ma yana da nasa sharaɗi. Da rani in ruwa ya ja, duwatsu na fitowa a wurare da dama cikin gari, tsini yana dakushewa da wuri, maƙalewa ta yi yawa. Baki ɗaya yana rage asarar nan sosai. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba. Kifin yaudaran da aka rufe a akwati da jiƙonsa kan wayi gari da tsatsa, ta kuma harbi na kusa da shi ta ɓata masa fenti. A shanya shi ya bushe tukuna, a jefa 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa a kwalin takalmi cikin akwatin.

Hatsari

Raunin da aka fi samu yana faruwa ne lokacin cire kifi: ƙugiya ɗaya na bakinsa, ɗayar na lilo, ya yi fizga ta shige hannu. Da filaya ake cirewa, ba da yatsa ba. Matse kunnuwan da filaya har su kwanta yana sa ƙugiya ta fita cikin sauƙi daga kifi da mutum, kuma muddin zare na a miƙe ba a cika rasa kifi saboda haka ba. In ta shiga nama har ta wuce kunne, a fara raba ta da kifin yaudaran, a rufe sauran tsinin, a tafi asibiti, musamman in kusa da ido ne ko gaɓa ko jijiya, a kuma tambayi ma'aikatan batun allurar tetanus. Tsofaffin da aka cire a zuba su a gwangwani mai murfi, domin gaɓar kogin wurin wanki ne da wankan yara da shayar da shanu.