Tsohuwar sefa a ƙasan adaka: me doka ta ce?

Ranar da muka buɗe adakar kawuna bayan rasuwarsa a nan Garwa, mun tarar da ƙullin takardun kuɗi a ƙarƙashin manyan riguna. Yawancinsu 'yan jaka goma-goma ne samfurin 1992, biyu kuma na ɗauke da hoton Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. Nan take gardama ta kaure. Wannan ya ce a kai banki, wancan ya ce ya ji ana sayen irinsu miliyoyi.

Mai cewa a kai banki ya makara. Sefar da muke kashewa a Kamaru da Cadi da sauran ƙasashe huɗu na yankinmu, babban bankin BEAC mai hedikwata a Yawunde ne ke fitar da ita. Bayan ya fito da sababbin takardu ranar 15 ga Disamba 2022, sai aka soke samfurin 1992 daga 1 ga Maris 2023. An ba da wata uku, zuwa 31 ga Mayu, mutum ya canza a bankunan kasuwanci ko a BEAC. Daga nan sai a ofisoshin BEAC kaɗai, tsawon shekara guda. Tun 1 ga Yuni 2024 ƙofar ta rufe, babu bankin da zai ba ka ko dala a kansu. Abin yana yi mini ciwo, don waɗanda suka fi asara su ne tsofaffi da makiyaya da ke ajiya a gida, waɗanda sanarwar ba ta kai gare su ba.

Kada a haɗa su da samfurin 2002. Waɗannan suna nan da ƙarfinsu, ana janye su ne a hankali idan sun koma banki. Duk wanda ya ce maka sun mutu, ka kawo ya saya a rabin kuɗi, cutarka zai yi. Harafin da ke nuna kowace ƙasa a jikin takardar zai taimaka wajen rarrabewa: a samfurin 1992 Kamaru E ce, Cadi P, a na 2002 Kamaru U, Cadi C. A lura, C a samfurin 1992 Kongo-Brazzaville take nufi.

Sokewa ba ƙwacewa ba ce. Takardar tana nan a matsayin mallakarka, sai dai ta tashi daga kuɗi ta koma kayan tarihi, kuma babu hukumar da ke yanka wa kayan tarihi farashi. Ciniki ne tsakaninka da mai tara tsofaffin kuɗi. Shi kuwa ba adadin da aka rubuta a jiki ya dame shi ba. Abin da yake dubawa shi ne ƙarancin takardar da lafiyarta. 'Yar ɗari biyar da ba ta taɓa lanƙwasa ba tana iya fin jaka goma da ta sha gumi a kasuwa. Samfurin 1992 an buga shi da yawa, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, don haka wadda ta ji jiki ba ta kawo abin kirki. Na kafin nan, lokacin da kowace ƙasa ke da sunanta a jikin kuɗinta, sun fi jan ido: masu hoton Ahijo, ko na Cadi masu hoton Tombalbaye, shugabanta na farko. In kana da su, don Allah kada ka wanke, kada ka goge da dutsen guga, kada ka liƙe yagewa da salatif. Gyaran nan shi ke zubar musu da daraja.

Kuɗin waje kuwa, kowanne dokar ƙasarsa yake bi. Faransa ta daina canza tsohon kuɗinta, wato faran, tun 17 ga Fabrairu 2012. Babban bankin Jamus har gobe yana karɓar mak, tsohon kuɗin ƙasar, bai sa wa'adi ba. Dalar Amurka ko ta wace shekara ce halastacciya ce a dokarsu, duk da 'yan canji kan rage mata farashi in ta tsufa.

Maganar miliyoyin nan ita ce tarkon 'yan damfara. Mai saye na gaskiya ba ya neman ka fara biyan kuɗin bincike ko na takardar shaida kafin ya ga kaya. In kuma kai ne mai saye, ka duba da kyau, jabu ba ta bar tsofaffin kuɗi ba.

Mu dai na Ahijo guda biyun mun shimfiɗe su a tsakiyar wani littafi mai kauri, nesa da damshi da gara. Babbar 'yar marigayin ce ke riƙe da su, ta ce ba za a sayar ba sai jikokinsa sun yi wayon ganinsu.