Gidaje da sana'o'i a ƙauyen New Lanark a ƙarni na 19

New Lanark ƙauye ne a bakin kogin Clyde, kudu maso gabas da birnin Glasgow a ƙasar Sikotilan. Attajiri David Dale ne ya kafa shi a 1785, ganin ƙarfin ruwan kogin ya isa ya juya injinan kaɗin auduga. Surukinsa Robert Owen ya karɓi ragama a 1800, ya riƙe har 1825. A zamaninsa mazauna ƙauyen sun kai wajen 2,500.

Komai na kamfani ne: masana'antar, gidajen haya, kanti da makaranta. Gida kuwa tare yake da aiki, shi ya sa aka fi son iyali mai 'ya'ya da yawa, don kowane yaro hannu ne. Wasu daga tsaunukan arewa suka gangaro, kuma sunan layin Caithness Row na tuna asalinsu, wato yankin Caithness na arewacin Sikotilan. A farkon ƙarnin akwai kuma yara kusan 500 da aka kwaso daga gidajen marayu da matalauta na Edinburgh da Glasgow, har Owen ya daina ɗaukar irinsu.

Gidajen benaye ne na dutse, jere da juna. Iyalai da dama, kowanne ɗaki guda gare shi: nan murhu, nan cin abinci, nan kwana. Gadon iyaye a jikin bango yake kamar akwati, na yara kuma mai taya ne. Da safe a tura shi ƙarƙashin babban, da dare a jawo. Ruwa sai an ɗebo daga waje, makewayi na tarayya ne. Wannan cunkoso ba baƙon abu ba ne a lokacin, domin ƙidayar 1861 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Sikotilan a ɗaki guda suke. Owen ya kafa kwamitin duba tsabtar gidaje, matan ƙauyen kuwa, da abin bai yi musu daɗi ba, suka laƙaba wa 'yan kwamitin suna mafarautan kuɗin-cizo.

Da ƙararrawa ta kaɗa da sassafe, kusan gida duka ake fita. Mata da yara su ne mafi yawan ma'aikata: ana sharar auduga, ana kaɗi, yara na ƙulla zaren da ya tsinke, ƙanana na rarrafe ƙarƙashin inji suna tsince tarkacen auduga. Maza da yawa maƙera ne, ko kafintoci, magina da masu gyaran inji. Kusa da kowane ma'aikaci an rataye ɗan katako mai fuska huɗu, baƙi, shuɗi, rawaya da fari. Launin da aka juyo waje shi ke shaida halinsa na jiya, baƙi mafi muni, fari mafi kyau.

Owen ya hana sa yaran da ba su kai shekara 10 ba aiki, ya buɗe kanti mai rangwame a 1813, sai cibiyar koyarwa a 1816 inda ake karɓar yara tun suna tatata, abin da ya ba iyaye mata damar komawa bakin inji. Akan cire kashi ɗaya cikin 60 na albashi a zuba a asusun jinya.

Bayan Owen, iyalin Walker suka gudanar da masana'antar har 1881. An rufe ta a 1968, kuma a 2001 UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.